Daga Birnin Damagaram Zuwa Bakin Ruwan Tiga: Yadda Ake Haɗa Birane Biyu a Hutu Ɗaya

Badamagare ya san Kano, amma Kanon da ya sani ita ce Kantin Kwari da kasuwar Singa da 'yan canjin Wapa. Ya sauka da hantsi, ya yi sari, ya ɗaure kaya, washegari ya juyo. Za ka tarar da mutumin da ya shekara ashirin yana wannan zirga-zirga bai taɓa hawa Dala ba, bai san inda ƙofar Gidan Makama ta fuskanta ba. Mu kuma na ƙauyukan gabas, Zermu da Hamdara da Gidimuni, haka muke yi wa Zinder kanta: asibiti, ko neman wata takarda, ko kasuwar Dole, sai gida. Birni yana nan da fadarsa da duwatsunsa, muna wuce shi a kan kabu-kabu.

Turawa suna da wata dabara ta hutun rani da ta cancanci aro. Mai zuwa kudancin Sifaniya, tsohuwar Andalus, yakan haɗa birane biyu a tafiya ɗaya: ya yi kwanaki a Garnaɗa yana kallon fadar Alhambra, ko a Ƙurɗuba yana kallon tsohon masallacinta, sannan ya gangara Malaga ya ƙarasa hutun a bakin teku. Tarihi a farko lokacin da ƙafa ke da ƙarfi, ruwa a ƙarshe lokacin da jiki ya gaji. Mu teku ta yi mana nisa, daga Kano zuwa Legas ma wajen kilomita 1,000 ne. Amma muna da birane biyu da tazararsu ba ta wuce kimanin kilomita 240 ba, harshensu ɗaya, agogonsu ɗaya, kuma hanyar da ta haɗa su ta girmi iyakar da ta raba su. Ruwa ma akwai, in an san inda za a neme shi. Abin da ya rage shi ne tsari, kuma ginshiƙin tsarin guda ne: kada a gwama yawon gani da sayayya. Duk tafiyar da aka gwama su, kasuwa ce ke cinye ta.

Lokacin tafiya

Babban hutun 'yan makaranta a Nijar yana faɗowa ne cikin damina, daga Yuli zuwa ƙarshen Satumba, daidai lokacin da gona ke neman kowa. Wanda yake noma ba zai bar gero a noman fari ya tafi kallon ganuwa ba. Tsakanin da ya dace shi ne bayan an gama maimai, kafin a shiga girbi, wato daga tsakiyar Agusta zuwa farkon Satumba. A lokacin zafi ya karye, ƙasa ta yi kore shar tun daga Takeita har Dambatta, tafkuna sun cika. Kuɗin da za a biya shi ne ruwan sama. Ruwan da Kano ke samu a shekara ya kusa ninka na Zinder, kuma Agusta ne tsakiyarsa. Saboda haka kowace rana a tsara fita da sassafe, a dawo masauki kafin la'asar, don hadari ya fi haɗuwa da yamma.

A duba kalandar Musulunci ma. Tsakanin 2024 da 2027 Mauludi yana faɗowa ne tsakanin tsakiyar Satumba da tsakiyar Agusta, kuma mako guda bayansa Kanawa ke bikin Takutaha, ranar da jama'a ke tururuwa zuwa Dutsen Dala. Mai son cinkoso da kiɗa da ado ya daidaita tafiyarsa da ranar. Mai ƙananan yara ya kauce mata. Hawan Sallah kuwa yanzu ya bar damina, ga shi tun rikicin sarautar Kano na 2024 'yan sanda sun sha dakatar da shi, don haka kada a gina tafiya a kansa.

Kwana goma sun isa: huɗu a Damagaram, ɗaya a hanya, uku a cikin Kano, ɗaya a bakin ruwa, ɗaya na dawowa. A fara ranar Alhamis, dalilin zai fito a gaba.

Takardu da kuɗi

Bayan juyin mulkin Yulin 2023 an rufe iyakar Nijar da Najeriya, ba a buɗe ta ba sai a Maris 2024. A Janairun 2025 kuma Nijar ta kammala ficewa daga ƙungiyar ECOWAS, wadda muka fi sani da CEDEAO. Tun daga nan abin da ake tambaya a shingaye yakan sauya. Wanda ya fi kowa sanin halin da ake ciki shi ne direban da ya dawo jiya, don haka mako guda kafin tafiya a je tasha a tambayi direbobi biyu ko uku, kowa daban. Ko me suka ce, babba ya riƙe katin ɗan ƙasa wanda bai mutu ba, in yana da fasfo ya haɗa da shi. Kowane yaro a riƙe masa takardar haihuwa, in kuma ɗan ƙane ne ko ɗan riƙo, a karɓi rubutacciyar yardar iyayensa, domin jami'an iyaka suna sa ido sosai kan masu ƙetarawa da yara. A haɗa da katin rigakafin shawara. Duka a yi musu kwafi, a naɗe a leda, kwafin ya zauna a jakar uwargida, na ainihi a aljihun maigida.

Ban ba da shawarar tafiya da motar gida ba sai ga wanda ya saba. Takardun duwan da inshora da tsaye-tsayen shinge za su cinye rabin yini, sannan tuƙi a cikin Kano wani karatu ne daban. Motar haya ta fi sauƙi. In iyali sun kai mutum biyar ko shida, a sayi kujerun ƙaramar mota gaba ɗaya, a yi ciniki da direba tun da wuri cewa za a tsaya a Daura.

Sefa a ɗaure take da kuɗin Turai, euro ɗaya a kan 655.957, ba ta motsi. Naira kuwa tun da aka sake ta a Yunin 2023 kullum da farashinta. Saboda haka kada a canza kuɗin tafiya gaba ɗaya a bakin iyaka. A canza abin da zai kai ku Kano ya ciyar da ku kwana ɗaya, sauran a bari sai Wapa, inda 'yan canji suka yi yawa har gasa ta sa farashi ya gyaru. Kuɗin motar dawowa a ware shi a sefa, a ɓoye shi inda hannu ba ya kaiwa da sauƙi, a manta da shi. A gargaɗi yara kan lissafi: a gida in an ce ashirin, dala ashirin ake nufi, sefa 100. A Kano ashirin naira 20 ce cak. Kanawa masu zuwa Zinder su ne suka fi faɗawa wannan rami, mai goro ya ce musu hamsin su miƙa sefa 50, alhali 250 yake nufi. Layin waya na Najeriya ba ya samuwa sai da lambar shaidar ɗan ƙasa ta can, don haka a buɗe wa layin gida damar aiki a waje kafin a tashi, ko a dogara da wayar mai masauki.

Kwana huɗu a Damagaram

Alhamis ce babbar ranar kasuwar Dole. A shiga da safe ba don saye ba, don a nuna wa yara kayan da suka gina garin: kanwa da manda daga gabas, gishirin Bilma, dabino, jar fata ta majema, sirdi da linzami da jakunkunan dukawa. Waɗannan su ne kayan da fatake suka riƙa kaiwa Kano a kan raƙuma da jakuna. A gaya wa yara su riƙe kamanninsu, za su sake ganin su a Kurmi. Da yamma a zagaya Zango, unguwar da ayarin Buzaye da fatake ke sauka a wajen ganuwa. Nan attajirai irin su Malam Yaro suka yi gidajensu a ƙarshen ƙarni na 19, kuma nan ne za a ga fuskokin gidaje masu zane, wanda magina ke tayarwa da hannu a kan yaɓe tun yana ɗanye, da zankwaye a kusurwoyin soro. Gidajen mutane ne, ba gidan kallo ba. A yi sallama, a gaida wanda ke zaure, a nemi izini kafin a ɗaga waya.

Juma'a ta Birni ce, kuma ita ce zuciyar kwanakin nan. A iso ƙofar fada da hantsi, lokacin da dogarai suka fito da jajayen rigunansu, 'yan majalisa suna shigowa gaisuwa. Ba a kutsawa. Ka nemi dogari mafi kusa, ka gaishe shi, ka ce: “Ranka ya daɗe, baƙi ne daga Zermu, muna so yara su ga gidan sarki.” Zai haɗa ka da wanda zai zagaya da ku inda aka yarda a shiga. A cire takalmi inda aka ga ana cirewa, mata su yafa mayafi, in an yi katarin fitowar Mai Martaba Sultan Abubakar Sanda a durƙusa a ce “Allah ya ja zamanin sarki.” Wanda ya zagaya da ku a ba shi goro a fakaice, ba a bainar jama'a ba.

Kafin ranar, maigida ya ɗan shirya abin da zai faɗa, don bango ba ya magana da kansa. Sarautar Damagaram ta samo asali ne a farkon ƙarni na 18 daga malaman Barebari, tana ƙarƙashin Borno, ta yi zama a garuruwa daban-daban kafin ta kafu a Zinder a farkon ƙarni na 19. Wanda ya ɗaga ta shi ne Tanimun, wanda ya yi doguwar sarautarsa daga 1851 zuwa 1884. Shi ya kewaye Birni da ganuwa, ya tara bindigogi, har aka riƙa zuba igwa a cikin garin. A lungunan Birni akwai gidan da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka a ƙarshen 1852. Ya riga ya ga Kano a 1851, ke nan shi ma biranen biyu ya haɗa. A 1898, zamanin Amadu Kuren Daga, aka kashe kyaftin ɗin Faransa Cazemajou a Zinder, a shekara mai bi Faransawa suka zo da ƙarfi suka ci garin. Barikin da suka gina a kan dutse suka sa masa sunan kyaftin ɗin, yau sunan Tanimun yake ɗauke da shi. Wurin soja ne, a kalle shi daga nesa, kada a ɗauki hotonsa. Daga 1911 zuwa 1926 Zinder ce hedkwatar Nijar kafin a mayar da ita Yamai, abin da har gobe Damagarawa ba su gama haɗiyewa ba.

Akwai abin da ba za a gani ba. Tsohon masallacin ƙasa na Birni, ginin ƙarni na 19, ya rushe a farkon Satumban 2024 sakamakon mamakon ruwa. A kai yara wurin duk da haka. Ginin ƙasa yana rayuwa ne da yaɓen da ake sabunta masa kafin kowace damina, kuma gidajen Birni da yawa yanzu magadansu sun koma sababbin unguwanni. Wannan ma dalili ne na kada a ɗaga tafiyar zuwa baɗi. Shi ne kuma ya sa bayan ruwa mai ƙarfi ba a bin gindin tsohuwar katanga, ba a barin yara su fake a jikinta.

Da la'asar sakaliya a hau ɗaya daga cikin manyan duwatsun da ke tsakiyar Birni, in ba a yi ruwa ba, don dutsen yana santsi in ya jiƙe. Daga sama za a ga yadda aka cusa gidaje a tsakanin duwatsu, a ga inda ganuwa ta bi, a ga Zango can gefe.

Asabar a tafi Gidimuni, a kan hanyar Gure. Tafki ne da ba ya ƙafewa, kewaye da dabino da rake da lambuna, kuma tun 2019 yana cikin jerin dausayin duniya da yarjejeniyar Ramsar ke karewa. A ɗauki tabarma da abinci, a zauna a inuwa, a kalli tsuntsaye da masunta. Lahadi kasuwar Mirya ce, kilomita 18 daga Zinder, da lambunanta da tukwanenta. Wanda ya fito daga Zermu ya san waɗannan kamar tafin hannunsa, yana iya sarayar da su ya ƙara kwana a Kano. Ga baƙon da ya zo daga kudu kuwa, su ne rabin daɗin tafiyar. Daren Lahadi a sayi tsarabar masu masauki: kilishi, alkaki, dabino. Ba a shiga gidan Bakano hannu rabbana.

Ranar hanya

Hanyoyi biyu ne. Ɗaya ta Magarya zuwa Babura. Ɗaya ta Takeita da Kance da Matamai zuwa Ɗan Barto, a ƙetara Kwangwalam a faɗa Daura. Don yawon gani ta biyu ta fi. A tashi bayan sallar asuba ranar Litinin. An zaɓi Litinin ne don Lahadi kasuwar Mai'aduwa ke ci, ranar iyaka cike take da tireloli da dabbobi.

Jim kaɗan da barin Zinder za a ratsa Tirmini. A ce wa direba ya rage gudu. Nan aka gwabza a ƙarshen Yulin 1899 tsakanin dakarun Kuren Daga da na Faransawa, kuma daga nan aka buɗe ƙofar Damagaram. A bakin iyaka a sauka cikin natsuwa, maigida shi kaɗai ke magana, ba a ɗaukar hoto, ba a karɓar saƙon wanda ba a sani ba komai ƙanƙantarsa, komai roƙon mai shi.

A Daura sa'a biyu ta isa. A je rijiyar Kusugu, wadda labarin Bayajidda da macijiya da sarauniya Daurama ya rataya a kanta, a sha ruwanta in ana so, a leƙa ƙofar fada, a ci abinci. Daga nan Kazaure da duwatsunta, Dambatta, sai Dawanau da manyan rumbunan hatsinta. Za a ga aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar a 2021, ya bi ta Kazaure da Daura amma ya karkata yamma ya bar Damagaram a gefe. A yi ƙoƙari a shiga Kano kafin magariba. Tafiyar dare a wannan zamani ba ta mai iyali ba ce.

Kwana uku a Kano

In akwai dangi, a sanar da su tun da mako biyu, a faɗi yawan mutane da yawan kwanaki, kada a ce “muna nan tafe” kawai. In babu, a nemi masauki wajen Fagge, inda birni da Wapa da Kwari duk suna kusa. Fagge ita ce Zangon Kano, a nan ayarin arewa ke sauke kaya a wajen ganuwa, don haka Badamagare a Fagge ya sauka inda kakanninsa ke sauka. Tun 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a cikin gari, abin hawa shi ne adaidaita sahu. A yi shatar guda na yini, a yi ciniki kafin a hau, a karɓi lambar mai shi.

Ranar farko a fara da Dala, da ƙarfe bakwai na safe, kafin rana ta yi zafi. Akwai matakala, dattijo ma zai iya a hankali. Daga sama ne Kano ke shiga kai: ga Goron Dutse can yamma, ga hasumiyoyin babban masallaci da koren tulluwarsa, ga faffaɗan filin Gidan Rumfa, ga kududdufai suna ƙyalli, waɗanda ramukan da aka haƙi ƙasar gina birnin ne. A nan ake ba da labarin Barbushe da Tsumburbura. Wanda ya hau dutsen Birni ranar Juma'a zai ga kamanni da bambancin nan take: garuruwa biyu da suka tsiro a gindin dutse, ɗaya ya tsaya inda ruwan sha ya tsayar da shi, ɗaya ya bazu har ido ba ya kai ƙarshensa.

A sauko a bi ƙafa zuwa Kurmi. Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa kasuwar, shi kuma ya gina fadar da har yau ake kira da sunansa. Lungunan Kurmi matsattsu ne, da damina ga taɓo, a sa takalmin da ba a jin ƙyashinsa. A nemi layin 'yan kanwa da na 'yan sirdi, a bar yara su gano da kansu kayan da suka gani a Dole. A karanta musu sunayen unguwanni: Agadasawa, Zangon Barebari, Dandalin Turawa inda Larabawan Gadamas da Tarabulus suka zauna, Sharifai da ake dangantawa da zuwan Shehu Magili a zamanin Rumfa. Yau ba ranar saye ba ce. 'Yan kasuwa za su kira, a ce musu “sai mun zagayo,” a wuce.

Rana ta biyu Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata. Gidan Makama yana daura da fada, gidan tarihi ne, akwai kuɗin shiga kaɗan da masu bayani. A tsaya a ɗakin da aka ajiye tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da hotunan zuwan Turawa. Ingilishi sun ci Kano a Fabrairun 1903, ƙasa da shekara huɗu bayan Tirmini, lokacin Sarki Alu ya tafi Sakkwato. Shi wannan Alu shi ne wanda Damagarawa suka kawo wa yaƙi har Gezawa 'yan shekaru kafin nan. In mai bayani ya ji harshenku ya tsokane ku da wannan, ku rama, wasa ne da ya daɗe.

A marina kada a yi gaggawa. Ana cewa tun 1498 take. Ramuka ne masu zurfi a jere, da yawa sun bushe an daina aiki da su, kaɗan ne ke raye. A tsaya a kan mai rai a kalli marini. Ruwan baba da toka da katsi ne aka bari ya yi makonni yana ruɓa har ya kumfato. Zai tsoma farin ƙyalle ya ɗago, sai ka ga ya fito kore-kore, yana shan iska yana rikiɗa shuɗi a gaban idonka. Ya sake tsomawa ya sake ɗagowa, haka har launin ya kai inda ake so, hannunsa kuwa ya rine har gwiwa. A gefe akwai masu bugu, suna zaune a jere suna dukan zane da manyan guduma na itace a kan gungume har ya ɗauki ƙyalli. Irin wannan baƙin zane mai walƙiya shi ne turkuɗin da Buzaye ke naɗawa, kuma ta Zinder yake bi zuwa Agadas. Nan kaɗai na yarda a karya doka a sayi ƙyalle ɗaya, don a hannun mai yin sa ake saye.

In da sauran ƙarfi, a leƙa Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya fara makarantar boko a 1909, ko a kai yara gidan zu na Audu Bako. Ganuwa kuwa, wadda Sarki Gijimasu ya fara a ƙarni na 12, a gan ta daga cikin adaidaita: inda ta rage, inda aka cinye ta da gini, da ƙofofin da aka rushe aka sake ginawa da siminti don faɗaɗa titi. Abinci: gurasa bandashe da safe, ɗanwake da rana, tsire da dare, amma duk mai zafi, wanda aka sauke a gabanka. Damina lokacin amai da gudawa ne. Ruwa na leda ko na gora kawai, ganyen da ba a dafa ba a haƙura da shi.

Rana ta uku, Alhamis, ita ce ta kasuwa. Kwari don atamfa da shadda, Kurmi don tsaraba. A rubuta abin da za a saya tun daga gida, a ware kuɗinsa daban, in ya ƙare an gama. Yara su zauna a masauki da babba ɗaya.

Bakin ruwa

Juma'a a yi shatar mota zuwa Tiga, kimanin kilomita 70 kudu da Kano ta hanyar Zariya. A hanya za a wuce Kura, garin da ya yi suna da rinin turkuɗi, da gonakin shinkafar Kadawa waɗanda ruwan Tiga ke shayarwa. An gina madatsar ne a kan kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, kuma faɗin ruwan ya kai murabba'in kilomita 178. Ga yaron da ya tashi yana bin layin famfo da jarka a Zinder, ganin ruwan da babu gaɓarsa ta can abu ne da ba zai manta ba. Akwai iska, akwai duwatsu, akwai masunta da kwale-kwalensu, akwai mata masu suyar karfasa da tarwaɗa. A zaɓi kifin da ransa, a sa a soya, a shimfiɗa tabarma. Maza su yi sallar Juma'a a garin Tiga su dawo.

Sai dai ruwan na kallo ne. Ruwan da ke kwance a ƙasashenmu, Tiga ko Gidimuni, yana ɗauke da ƙwayar tsargiya, wadda ke fitowa daga jikin dodon koɗi ta huda fata, bayan makonni yaro ya fara fitsarin jini. Ga gaɓar madatsa tana zurmawa ba zato, ga laka mai riƙe ƙafa. In yara sun matsa sai sun yi iyo, a kai su wurin wanka na otal a cikin Kano inda ake sa wa ruwa magani. Kwale-kwale kuma, ba a hawa sai da rigar ruwa ga kowa, ba a hawa wanda aka cika, ba a hawa in hadari ya taso. A ƙarshen Nuwamban 2021 jirgin ruwa ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai, mutane da dama suka rasu, mafi yawansu ɗaliban Islamiyya, kuma lodi fiye da kima ne sanadi. A bar bakin ruwa kafin la'asar, sauro na fitowa da wuri.

Asabar a juyo, don a riga kasuwar Mai'aduwa. Mai son sabuwar hanya ya bi ta Babura ya fito Magarya. Kayan da aka saya a raba su cikin jakunkunan tufafi, a riƙe rasit, don turmi goma a ɗaure wuri ɗaya kayan fatauci ne a idon ɗan duwan, kuma zai nemi a biya masa haƙƙinsa. Nairar da ta rage a canza ta a Kwangwalam ko a sayi man gyaɗa da ita, kada a kai ta gida ta kwanta. Gidan sauron da aka tafi da shi a ci gaba da ɗaura shi, 'yan ƙasa da shekara biyar kuma kada tafiya ta sa su tsallake zagayen maganin rigakafin zazzaɓi da ake rabawa wata-wata da damina. Duk wanda jikinsa ya yi zafi cikin mako biyu da dawowa, a kai shi a gwada jininsa ranar, a kuma gaya wa malamin asibiti cewa an je bakin ruwa.